Ciwon marar da awon jini bai kama ba tukuna

Manoma da makiyaya, maza da mata, kowa ya san awon zazzaɓin cizon sauro. A kai yaro gidan likita jikinshi da zafi. A soki yatsa, a ɗiga jini bisa wani ɗan farin allo. Kafin shayi ya dahu, minti 15 ko 20, layi ya fito. In layi biyu ne, akwai zazzaɓi. In ɗaya ne, a nemi wani abu. Ba gardama, ba doguwar tafiya, ba a sayar da akuya.

To, akwai wata cuta ta mata da ba ta samu irin wannan awo ba har yanzu. Likitoci suna ce mata andometiriyoz. A Hausa ba ta da suna nata na kanta. Cikin ƙauye ana ce mata ciwon mara, ko sanyi, ko iska, wani lokaci ma a ce lalaci ne. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce cikin mata 10 da ke shekarun haihuwa, 1 tana da ita. Duk duniya, mata da ƴan mata kamar miliyan 190 ke nan. Ku ƙidaya matan da ke bakin rijiya da safe. In sun kai 30, ba mamaki 3 suna ɗauke da ita, kuma ba wadda ta taɓa jin sunanta.

Ga yadda cutar take. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi. Kowane wata tana kauri, tana jiran ciki. In ciki bai shiga ba, sai ta saɓule ta fita da jini. Shi ne al'ada. Ga mai andometiriyoz, nama irin na shimfiɗar nan yana tsirowa inda ba wurinshi ba: bisa gidan ƙwai, bayan mahaifa, jikin hanji, jikin mafitsara. In wata ya zagayo, shi ma sai ya kumbura ya yi jini. Amma shi ba ya da ƙofar fita. Jinin ya kwanta ciki, wurin ya yi zafi, ya warke da tabo, wata mai zuwa ya sake. Da haka kayan ciki ke mannewa da juna, kamar tuwon da ya kwana cikin tukunya. Wani lokaci naman yana zuwa nesa. Akwai matar da cibiyarta ke ɗigar jini duk ranar da take al'ada. Akwai wadda abin ke kai ma har ƙirji.

Labarin wata ƴar Gobir

Akwai wata mata a wani ƙauye na jahar Maraɗi. Ba za a faɗi sunanta ba, don ba a buga sunan matar aure cikin jarida bisa irin wannan magana. Ciwon ya fara mata tana shekara 14. Ran da al'ada za ta zo, sai ta duƙe gindin turmi, ta riƙe mara, zufa na zuba. Uwarta ta dafa mata jar kanwa da citta, ta ce: «Yi haƙuri, ɗiyata. Haka mata suke. In kin yi aure zai bari.»

Ta yi aure tana 16. Bai bari ba. Sai ma wani ya ƙaru, don kwanciyar aure ta zama mata azaba, kuma wannan ba abin da ake faɗi ba ne. Kowane wata tana kwana 3, wani lokaci 4, ba daka, ba rijiya, ba kai abinci gona. In tana al'ada, fita bayan gida ma kuka ne. Uwar miji ta zuba ido wata da watanni, ran nan ta ce: «Mu ma mun yi al'ada, ba mu kwanta ba. Lokacin shibka ne kullum ciwonki ke tashi?» Ciwon kuwa bai san shibka ba, bai san girbi ba. Wata kaɗai ya sani. Amma wa ke ƙidaya ma amarya kwanaki?

Aka fara neman magani. Mai tebur na kasuwa ya ce sanyi ne, ya ba ta kafso ja da baƙi. Ta sha, ta sake sha, har ta san farashinsu kamar na gishiri da magi. Aka je gidan likita sau biyu, can ma aka ce sanyi, aka rubuta allura. Wani boka ya ce namijin dare gare ta, shi ke hana ta ciki. Aka yi turare, aka yanka jan zakara. Shekara 5 ba ɓari ko ɗaya. Aka fara ce mata juya, da farko a bayan ido, daga baya a gabanta. Shekara ta 6 aka yi mata kishiya, kishiya ta haihu cikin shekara.

Nan ne wata tsohuwa ta kawo shawarar yankan gishiri. Ta ce ƙofar ce ta toshe, a kira wanzami ya buɗe. Allah ya sa gwaggon matar nan tana kusa. Ita ta taɓa jinyar wata maƙwabciya da aka yi ma gishiri, aska ta zarce ta huda mafitsara, ta koma tana yoyon fitsari dare da rana. Gwaggo ta tsaya bakin ɗaki ta ce: «Ba mai sa ma ɗiyar ƙanena aska ina da rai.» Gaskiyarta. Yankan gishiri ba ya maganin ciwon mara, ba ya kawo haihuwa. Cutar tana can cikin ciki, aska tana yanka lafiyayyen nama a waje. Kuma tun 2003 dokar Nijar ta hana yanke-yanken al'aurar mata.

Mijin ba mugu ba ne. Manomi ne mai gona biyu da ƴan tumaki, abin ne ya fi ƙarfin saninshi. Bayan girbi ya sayar da buhu biyu na wake da rago ɗaya, suka shiga mota zuwa birni. Aka yi mata hoton ciki, wanda ake ce ma eko. Aka ga ƙullutu bisa gidan ƙwai na hagu, girman lemun tsami. Aka ba su takarda su je awon jini. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: CA-125, lamba 80. Gefen takardar an rubuta cewa daidai shi ne ƙasa da 35.

A gidan da suka sauka akwai wani ɗan lakkwal. Ya karɓi takarda, ya duba cikin salula, fuskarshi ta canza. Ya ja mijin gefe ya ce: «Kawu, wannan awon ciwon daji ne.» Bango kuwa yana da kunne. Daren nan matar ba ta runtsa ba. Ta kira gwaggonta, ta faɗa mata wa za a ba kwanoninta, wa za a ba tunkiyarta. Kwana 4 tana jiran mutuwa, kafin ranar ganin likitar mata ta zo.

Likitar ta dubi takarda ta ajiye. Ta ce: «Baiwar Allah, bar takardar nan tukuna. Faɗa mini, yaushe ciwon ke zuwa?» Ta yi tambaya kamar 20. Tun yaushe? Kafin jini ko bayan jini? Wajen kwanciya fa? Wajen bayan gida fa? Akwai mai irinshi a danginku? Shekara 11 ke nan da fara ciwon, ranar ce aka fara yi ma matar nan waɗannan tambayoyi. Likitar ta sake duba ƙullutun da kanta. Ta ce siffarshi ta tsohon jini ce da ya taru ya yi kauri, baƙi-baƙi kamar maɗi. Ta ce za a riƙa bin shi da hoto, amma ba kamar daji yake ba. Sa'an nan ta faɗi sunan cutar.

Shekara 11 ba abin mamaki ba ne. Ko a ƙasashen Turawa masu manyan asibitoci, mace kan yi shekara 7, wata har 10, tsakanin fara ciwo da jin sunanshi.

Me ya sa jini bai faɗi gaskiya ba?

Makiyayi zai gane wannan da sauri. In kura ta shigo garke da dare, da safe sawunta a fili yake, don bai yi kama da na kowace dabba ta gida ba. Haka ƙwayar zazzaɓin sauro take. Baƙuwa ce, tana zubar da wani abu nata cikin jini wanda jikin mutum ba ya yi. Shi ɗan farin allon nan ke kamawa. To amma in tunkiyar gida ce ta fita daga turke ta shiga rumbu, yaya za a gane sawunta cikin sawun sauran tumaki? Andometiriyoz ba baƙuwa ba ce. Naman matar ne da kanta, wuri kawai ya ɓata. Duk abin da yake zubarwa cikin jini, lafiyayyar mahaifa ma tana zubar da irinshi.

Shi CA-125 ɗin nan, wani sinadari ne da fatar da ta lulluɓe kayan ciki ke fitarwa. An gano shi a 1981 a birnin Boston na Amurka, wurin wani likita Robert Bast da abokan aikinshi, suna binciken dajin gidan ƙwai. Shi ya sa salular ɗan lakkwal ta ce daji. Amma duk abin da ya dami fatar nan yana ɗaga shi. Al'ada da kanta tana ɗaga shi. Sabon ciki yana ɗaga shi. Ƙarin mahaifa, da sanyin mara na gaskiya, da tarin fuka da ya sauka cikin ciki, da ciwon hanta mai tara ruwa, duk suna ɗaga shi. Kamar karen da ke haushi in ɓarawo ya zo, ya yi in baƙo ya zo, ya yi in mai gida ya dawo daga masallaci.

Kuma karen nan yana barci. A 2016 wata ƙungiya mai tace binciken likitoci, sunanta Cochrane, ta tattara bincike 141 da aka yi bisa mata fiye da 15.000. An gwada alamomi 122 na cikin jini. Game da CA-125, in aka sa iyaka a 35, cikin mata 10 masu cutar 4 kawai yake kamawa. Sauran 6 sai ya ce lafiyarsu lau. Cikin mata 10 da ba su da ita kuma, yana ɗora ma 1. Cikin alamomi 122 ɗin nan ba a samu ko ɗaya da ya isa a dogara da shi ba. Wanda ya sayi ma'auni ya tarar cikin awo 10 yana cin 6, ai ba zai sake kai shi kasuwa ba.

Saboda haka a 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta rubuta ma likitoci a fili: kada a yi amfani da awon jini don a ce mace tana da andometiriyoz ko ba ta da ita. Ta kuma canza wata tsohuwar ƙa'ida. A da, ba a tabbatar da cutar sai an sa mace barci, an huda ciki kusa da cibiya, an zura ɗan madubi mai fitila an gani da ido. Aikin fiɗa ne, yana son kuɗi da ƙwararre da kayan aiki. Yanzu an ce in labarin ciwon ya nuna, likita na iya duba mace, ya yi hoto, ya fara magani, ba sai an huda ba. An kuma ja kunne: in hoto bai nuna komi ba, wannan bai wanke mace daga cutar ba. Ƙananan tsiro da ke shimfiɗe kamar yayyafin toka ba su fitowa a eko.

Abin da masu bincike ke bi yanzu

Ba a daina nema ba. Dabara ce aka canza. An bar neman alama ɗaya, an koma haɗa alamomi da yawa. Tsohon manomi ba ya cewa damina ta kusa don ya ga abu ɗaya. Sai ya haɗa juyawar iska, da zuwan shamuwa, da tohon itace, da zafin dare. Kowane ɗaya shi kaɗai yana iya yaudara. In sun taru, magana ta yi ƙarfi.

Alamomin da aka fi sa ma ido su ne waɗansu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ake ce ma mikro-ARN. Cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai umarni a rubuce, na abin da za ta ƙera. Su mikro-ARN kamar dogarai suke, masu zuwa su ce ma wani umarni: kai, dakata. Waɗansu suna fita su shiga jini da miyau, kuma ba su saurin lalacewa. In wuri yana ciwo, yawan waɗansu ya hau, na waɗansu ya sauka. An fara gano su a 1993, ba ma jikin mutum ba, jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. Mutum biyu da suka yi aikin, Victor Ambros da Gary Ruvkun, sun samu kyautar Nobel a 2024. Tsutsa dai, wadda ko kaza ba za ta gani ta tsattsaga ba.

A 2020 likitocin jami'ar Yale ta Amurka sun auna irin waɗannan dogarai guda 6 cikin jinin mata 100 da za a yi ma aikin madubi. Suka ba kwamfuta ta haɗa lissafi. Abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da ido ya gani ga mafi yawansu. A ƙarshen 2024 wani kamfani na birnin Perth a Ostiraliya ya buga sakamakon wani awo mai haɗa sinadarai 10 na jini, wanda aka gwada bisa mutum wajen 800. A Faransa kuma wani kamfani na birnin Lyon, sunanshi Ziwig, ya bar jini ya koma ga miyau. Awonshi, Endotest, yana duba mikro-ARN 109. Binciken farko, na 2022, mata 200 ne. A 2025 gwamnatin Faransa ta yarda ta biya ma mata 25.000 kuɗin awon, a matsayin gwaji, don a ga ko yana rage fiɗar da ba ta zama dole ba. Kowane awo ɗaya Yuro 839 ne. Da kuɗin sefa jikka 550 ke nan. Kuɗin bijimi, a tofa miyau cikin kwalba!

Labari ne mai daɗi, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mata 100 ko 200 ba su da yawa. Kuma matan da aka gwada, galibi waɗanda ciwo ya riga ya kai babban asibiti ne, har an sa musu ranar fiɗa. Gane cuta ga wadda ta yi nisa ba wuya. Inda ake son awon shi ne ga yarinya ƴar 15 da ke duƙe gindin turmi, wadda hoto bai nuna komi ba. Nan ne alamomi da yawa suka faɗi a baya. Sau da yawa wani awo ya yi kyau hannun waɗanda suka ƙirƙiro shi, in waɗansu suka sake gwadawa a wani gari sai ya rame.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasashen nan kai tsaye. An daɗe ana koya ma likitoci cewa andometiriyoz cutar matan Turawa ce masu kuɗi, masu jinkirin aure. Wani likitan Boston, Joe Meigs, ya yaɗa wannan magana tun 1938. Baƙar mace in ta zo da ciwon mara, sai a ce sanyi ne. A 1976 wani likita baƙar fata a Chicago, Donald Chatman, ya leƙa da madubi ya nuna cewa da yawa cikin matan da aka ce ma sanyi, andometiriyoz gare su. A 2015 likitocin Ibadan a Najeriya sun duba mata 239 da aka yi ma aikin madubi, suka same ta ga kusan rabinsu. Ba rabin matan gari ba, a lura, rabin waɗanda wata damuwa ta kai ga madubi. Cutar tana nan. Ido ne bai kai ba. Ƴar Gobir da aka aurar tana 16 ba jinkirin aure ya kawo mata ba.

Har yanzu mafi yawan jinin da ake gina sababbin awon nan da shi na matan Turai ne da Amurka da Asiya. Babban binciken gado na 2023, wanda jami'ar Oxford ta Ingila ta ja gaba, ya duba mata kamar 60.000 masu cutar, ya gano wurare 42 cikin rubutun halitta da ke da hannu. Kusan duka matan asalin Turai ne da gabashin Asiya. Macen karkarar Sahel kuwa jininta yana ɗauke da waɗansu labarai: zazzaɓin sauro kowace damina, tsargiya ga masu zama bakin tabki, ƙarin mahaifa da ya fi yawa ga baƙaƙen mata, ƙarancin jini. Irin da ya yi kyau a gonar gwaji, sai an shibka shi a jigawa da fadama kafin a raba ma manoma. Awon jini ma haka ya kamata a yi mishi: a gwada shi bisa matan nan kafin a sayar musu. Kuma aunin mikro-ARN yana son injuna dangin waɗanda aka yi awon korona da su a 2020, da wuta mai tsayawa, da firji. Tsakaninshi da ɗan farin allon zazzaɓi akwai tafiya.

Don haka in wani ya zo kasuwa ko cikin salula ya ce yana da awon jini mai gane wannan cuta nan take, ko inji da ake ɗora hannu ya faɗi cututtukan mahaifa, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ke hannu yau

Cutar ba ta da maganin da ke tumɓuke ta gaba ɗaya, amma ana kwantar da ita. Akwai maganin zafi, irin ibuprofen, wanda ya fi aiki in an fara shi da ciwo ya nuna kai, kuma ba a shan shi da yunwa ko ga mai gyambon ciki. Akwai magungunan tazarar haihuwa: ƙwaya, allura ta wata 3, ashanar hannu. Suna kwantar da al'ada, in al'ada ta kwanta tsiron ma ya lafa. Nan ake samun rigima cikin gida. Miji ya ce: mace ba ta haihu ba, a ba ta maganin hana haihuwa? Amsa ita ce maganin ba ya kashe ƙwai. Hutu ne. Bayan an bari, al'ada tana dawowa. Amma gaskiya ne, muddin tana sha ba za ta ɗauki ciki ba, kuma maganin ba ya ƙara mata haihuwa daga baya. Shi ya sa sai an zauna, ita da miji da likita, a zaɓi abin da za a sa gaba: sauƙin ciwo ko neman ciki. Akwai kuma fiɗa, a cire ƙullutu, a raba abin da ya manne. Wannan aikin manyan asibitoci ne. Hanya tana farawa daga gidan likita na kusa, zuwa asibitin gunduma, zuwa cibiyar uwa da yaro ta jaha, har maternite Issaka Gazobi a Yamai.

Game da haihuwa, cikin mata 10 masu cutar, 3 zuwa 5 suna shan wuyar samun ciki. Sauran suna haihuwa. Ciki yana kwantar da ciwon na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da shi, don haka aurar da yarinya ba magani ba ne. Cutar ba a ɗaukarta wajen kwanciya. Ba miji ya sa mata ba, ba ita ta kwaso a wani wuri ba, ba kishiya ta yi mata ba. Tana bin dangi: wadda uwarta ko yayarta ke da ita ta fi kusa da samu.

Ita ƴar Gobir, da likita ta shimfiɗa musu zaɓi, mijin ya yi shiru. Ita ta yi magana, a karo na farko gaban namiji baƙo da mace baƙuwa. Ta ce: «Malam, ina son in huta shekara ɗaya. In na samu ƙarfi, mu nemi haihuwa.» Ya ce to. Aka sa ta bisa ƙwaya. Wata na 3 ta yi daka ranar da a da take kwance. Ciwon bai tafi duka ba, yana taɓa ta, amma ba ya kayar da ita. Uwar miji ba ta ce komi ba. Ran nan dai ta aiko mata da fura da nono cikin ƙwaryarta ta kanta. Haihuwa har yanzu ba ta zo ba. Ana bin ƙullutun da hoto kowane wata 6, kuma maganar fiɗa tana nan, ana tara kuɗi.

Likitar ta roƙe ta abu ɗaya da ba ya cin ko dala. Matar tana zuwa ajin yaƙi da jahilci da rani, ta iya lambobi. Aka ce ta samu ɗan littafi. Ranar da jini ya zo, ta ja layi. Ranar ciwo, ta sa ɗigo: ɗaya in kaɗan ne, biyu in ya hana daka, uku in ya kwantar da ita. In ciwon wajen bayan gida ne ko fitsari, ta sa wata alama. Wata 3 na irin wannan rubutu yana faɗa ma likita abin da CA-125 bai iya faɗi ba, don yana nuna ciwon yana tafiya tare da wata. Wadda ba ta iya rubutu ba, ta ƙulla zare ko ta ja layi da gawayi bayan ƙofa. Kuma in an je gidan likita, a faɗi abu huɗu ba kunya: ciwon yana hana aiki, yana zuwa tare da al'ada, akwai zafi wajen kwanciya ko bayan gida, an sha maganin sanyi bai yi ba. In ana jin nauyin namiji, a nemi ungozomar gidan likita. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Matar nan tana da ƙanwa ƴar shekara 15, tana aji na biyu a kolej. Kowane wata tana rasa kwana 2 ko 3 na karatu, har malami ya rubuta cewa ba ta da himma. Uwarsu ta fara dafa jar kanwa da citta. Yayar ta yaga rabin littafinta ta ba ta, ta nuna mata layi da ɗigo. Wata 3 sun cika ran kasuwar da ta wuce. Shafi na farko akwai ɗigo uku-uku har sau biyu, na biyu sau uku. Gwaggo ta ce ita za ta raka su, ta riga ta yi magana da mai amalanke.